Ranar da Manoma Suka Kewaya Katangar Kamfaninmu

Ranaku da yawa sun shige mini a aikin nan ban riƙe komai nasu ba, amma ranar da manoman hanyar Adogi suka zo kewaya katangar kamfaninmu tana nan daram a zuciyata. Ku da kuka shigo ofishin kuɗi bana kun sha tambayata yadda aka yi ƙungiyar manoma ta mallaki wani kaso na kamfanin casar shinkafar Alhaji Sabo. To ga labarin. Ku yi haƙuri da ni in na zaƙe, don har yau idan na tuna sai na ji jikina yana tsuma.

Na kama aiki a ƙarshen damina, a matsayin jami'ar kuɗi. Ga wanda bai san tsarin ba, kashiya ita ce mai karɓa da bayarwa, akanta yana rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, jami'in kuɗi kuwa gaba yake dubawa: daga ina kuɗi za su zo, a me za a zuba su, kuma yaushe. A lokacin duk ukun ni kaɗai ce, shi ya sa kowa yake ce mini Akanta. Ni kuwa da littattafan soyayya na kasuwa na taso, don haka a raina ofis gini ne na gilashi, shugaban kamfani kuma matashi ne dogo mai sanyin murya, wanda ƙamshin turarensa yake riga shi shigowa. Abin da na tarar a Azuba, inda kamfanin yake a Lafiya, ɗaki ne guda mai fanka, ƙaiƙayi yana shigowa ta taga, sai Alhaji Sabo, dattijo mai furfura da goro a kunci, wanda mahaifinsa ya baro Kano da ƙullin atamfa ya zauna a Lafiya. Duk da haka wurin ya shiga raina tun ranar farko, saboda na tarar an kawo amarya.

Amarya shi ne sunan da Oga Luka, injiniyanmu, ya raɗa wa sabon injin casa. Wallahi ta ci sunanta. Doguwa ce har ta kusa taɓa rufi, fara sol, da shuɗin layi a gefenta, ko ledar jikinta ba a gama cirewa ba. Tana cire tsakuwa, ta cire ɓawo, ta goge ƙwaya, ta ware karyayyar ƙwaya gefe guda. Abin da tsohon injinmu yake ci a wata, ita kafin mako ya ƙare ta lashe shi. Nakan bar teburina in je in tsaya ina kallonta kawai, ina hango buhunanmu masu tambari jere a shagunan Abuja.

A makon farko na karɓi bayanin asusun kamfani daga banki. Abin da ya rage bai wuce na albashi da man dizal na ɗan lokaci ba. Na bi sawu na gano abin da ya faru. Alhaji mutum ne da bai taɓa kwana da bashin kowa ba, kuma yana alfahari da hakan a duk majalisar da ya zauna. Da ya tashi sayen injin, masu sayarwa sun ba shi damar ya riƙa biya kaɗan-kaɗan, ya ce shi ba ya haka. Ya biya lakadan, ya haɗa har da kuɗin da kowace shekara ake sayen shanshera da su a lokacin kaka. Shanshera ita ce shinkafar da ke cikin ɓawonta, abincin injin ke nan. A lissafinsa, da zarar amarya ta fara aiki kuɗi za su dawo da kansu.

A nan nake so ku buɗe kunne. Jarin kamfani iri biyu ne. Akwai jarin kafuwa, wato fili da gini da inji, abubuwan da ake saye sau ɗaya a mora shekaru. Akwai kuma jarin juyawa, kuɗin da ke zama shanshera, ta zama shinkafa a buhu, buhu ya zama kuɗi, a sake komawa. Alhaji ya ɗebi na biyun ya mayar da shi na farko. A takarda kamfani bai yi asarar kwabo ba, dukiyarsa ma ta fi da kyan gani, amma an kawo amarya gidan da ba a ɗora tukunya ba. Ga kaka ta ƙarato. Idan ta wuce ba mu cika sito ba, 'yan kasuwar da ke zuwa da tireloli za su kwashe komai, farashi ya tashi, mu rufe ƙofa sai baɗi. Ma'aikata sama da ashirin za su koma gida, har da ni da ko albashin farko ban karɓa ba.

Na shiga wajen Alhaji na zayyana masa. Ya tambayi mafita. Na kawo rancen banki, ya ce ba zai ci da ruwa ba ko da kamfanin zai rushe. Na kawo bankin da ba ya ɗora ruwa, muka bincika aka ce kafin su gama nazarin takardunmu kaka ta wuce. Na ce mu riƙa yi wa mutane casa suna biya, Oga Luka ya yi dariya ya ce kuɗin casar buhu biyu ko atishawar amarya ba za su biya ba. Ya ce, "Madam Akanta, wannan yarinya ba ta san ɗanɗano ba, sai ci. In babu lodi, no wahala, mu mayar mata da ledarta."

Mafitar da ƙafarta ta zo. Wata safiya wani dattijo ya kawo buhu biyu a cashe masa a tsohon inji saboda bikin jikarsa. Sunansa Baba Isiyaku, Bagwandare ne, ɗan ƙabilar nan da ake cewa kakanninsu daga Kano suka fito, shugaban ƙungiyar manoman shinkafa na wani ƙauye a hanyar Adogi. Yana jira muna hira, sai ya ce su ba sa sayar da amfaninsu duka a kaka. Kusan rabi suke zubawa a rumbu sai bazara, lokacin da farashi ya yi kyau, ko da yake ɓera da ƙwari suna ɗibar nasu rabon kafin nan. Bai gama rufe baki ba na ji kamar an kunna fitila a cikin kaina. Ga shanshera kwance a rumbuna tana jiran riba, ga inji tsaye yana jiran shanshera. Ban san lokacin da na miƙe ba, har mayafina ya saƙale a hannun kujera.

Na faɗa wa Alhaji cewa hanya biyu ce kamfani ke samun kuɗin waje. Ko ya ci bashi, mai bashi ya karɓi kuɗinsa ko an ci riba ko an faɗi, ko kuma ya sayar da hannun jari, wanda ya saya ya zama ɗaya daga cikin masu kamfanin, a ci tare a faɗi tare. Na ce babu dokar da ta ce sai da takardar kuɗi ake sayen hannun jari. Manoma su kawo shanshera, a auna a sikeli, a yi mata kuɗi da farashin kasuwar ranar, a ba ƙungiyarsu hannun jari daidai da haka.

Fuskarsa ta canja. Ya ce shekara arba'in shi ne ubangida, shi ke ba yara jari su je su juya, yau kuma a ji a kasuwa cewa manoma sun ba Sabo jari? Ƙaninsa Alhaji Tanimu, wanda darakta ne a kamfanin, ya fi shi saurin fahimta, shi ya yi ta lallashinsa. Aka kira lauya. Aka kira mai ƙiyasta kadara ya yi wa fili da gini da injuna kuɗi, domin ba a sayar da wani yanki na abin da ba a san darajarsa ba. Lissafi ya nuna idan manoma suka kawo abin da muke buƙata, kashi ɗaya cikin biyar na kamfani zai zama nasu, sauran yana hannun Alhaji da ƙaninsa. Lauya ya ce da sunan ƙungiya za a rubuta, saboda doka ta taƙaita yawan masu hannun jari a ƙaramin kamfani irin namu. Da ƙyar Alhaji ya ce in je in gwada.

Ni da Oga Luka muka tafi ƙauyen. Na yi bayani a gindin mangwaro har muryata ta dushe. Na nuna musu abin da buhu zai kawo idan ya kwana a rumbu zuwa bazara, da abin da muke sa ran zai kawo idan aka cashe shi aka juya kuɗinsa sau da dama a shekara, don na san babu wanda zai bar ribar rumbu sai ya ga wadda ta fi ta. Suka saurara har na gama. Daga ƙarshe Baba Isiyaku ya ce sun ji, za su zo ranar Asabar su ga wurin.

Alhaji ya ɗauka ziyarar ban girma ce. Ya sa aka kafa rumfa, aka jera kujerun roba, aka dafa shinkafa da kaji, aka sayo lemo. Ya sha babbar riga ta farar shadda mai aiki har ƙasa, ya rubuta jawabi. Ni ma na ci ado da leshina mai ruwan zuma, kamar ni za a zo gani.

Da hantsi suka iso, akori-kura biyu cike da dattawa da mata kaɗan masu turara shinkafa. Aka gaisa. Alhaji ya nuna musu rumfa, sai Baba Isiyaku ya ce a bar zama tukuna, a fara da iyaka. Ashe a wajensu, duk wanda zai shiga noman haɗaka da wani, ko zai karɓi gona, ba ya cewa e sai dattawa sun taka iyakar gonar da ƙafa, an tsaya a kowace kusurwa, an kira maƙwabta an tambaye su ko akwai rigima, an kuma ga magadan mai gonar ido da ido. Su a ganinsu kamfani gona ce, don haka abin da suka zo yi ke nan.

Suka fita ta ƙofa suka bi bayan katanga a jere, mu kuma muka bi su. Bayan katangarmu kuwa nan ake zubar da ƙaiƙayi, ga ruwan turara ya kwanta ya yi caɓi. Na ga Alhaji ya tattare shaddarsa har gwiwa yana tsallake taɓo, Alhaji Tanimu yana riƙe masa hannu. A kusurwar farko suka kira mai buga bulo da ke maƙwabtaka da mu, suka tambaye shi ko Alhaji ya taɓa cin masa ƙasa. Ya ce ko taku ɗaya. A ta biyu suka tsayar da wata mai sayar da abinci, suka tambaye ta ko ma'aikatanmu suna kukan albashi. Ta ce ba ta taɓa ji ba, sai dai Oga Luka ya cika son ƙarin nama. Aka kwashe da dariya, ban da Alhaji.

Ya matso kusa da ni ya ce, "Akanta, wannan tozarci ne. Ni za a tambayi mai tuwo halina? Yanzu zan sallame su."

Na san in ya buɗe musu baki shi ke nan, kaka ta tafi. Na ce, "Ranka ya daɗe, da banki muka je, duk wannan binciken sai sun yi shi, har fiye. Bambancin kawai su ba za su bari ka ji abin da aka faɗa a kanka ba. Ga shi kai kana ji da kunnenka, kuma alheri ake faɗa."

Ya harare ni, ya tauna goronsa, ya ci gaba da tafiya.

Da muka dawo ciki suka tsaya a gaban amarya. Oga Luka ya tayar da ita babu komai a cikinta, ƙasa ta ɗauki rawa, dattawa suka ja da baya suna salati. Baba Isiyaku ya shafa gefenta ya tambaya ko an gama biya. Aka ce an gama. Ya tambayi takardar fili, lauya ya nuna. Ya ce ina magada, aka kira 'ya'yan Alhaji maza biyu da ke wurin, ya tambaye su a gaban ubansu ko sun yarda, suka ce sun yarda. Sannan ya juyo gare ni. Shi Baba "ka" yake ce wa kowa, mace ko namiji.

Ya ce, "'Yata, kai ne mai lissafi. Riba ka faɗa mana a ƙauye, mun ji daɗi. In aka faɗi fa?"

Alhaji Tanimu ya yi mini ido, alamar in sassauta. Na san amsa mai daɗi za ta kawo mana shanshera a makon nan, amma ranar da aka yi asara ita za ta kai mu kotu. Na ce, "Baba, in aka faɗi, da ku aka faɗi. Babu wanda zai dawo muku da buhunanku. In ma kamfani ya rushe, sai an biya duk mai bin sa kafin ku ga abin da ya rage. Shi ya sa na ce kada kowa ya kawo abincin gidansa ko irin shukarsa."

Na ji wani dattijo ya ja tsaki. Suka koma gefe suna magana da harshensu, muryoyi suna hawa suna sauka. Ni dai na ƙura wa ƙasa ido, ina cewa a raina na kashe auren da ni na haɗa shi.

Da suka dawo Baba Isiyaku ya ce faɗuwa ba baƙuwarsu ba ce, kowace damina suna zuba dukiyarsu a ƙasa ba tare da kowa ya yi musu alkawari ba. Abin da ba za su ɗauka ba shi ne a ci riba a cikin ɗaki a fito a ce musu an faɗi. Don haka sharaɗinsu ɗaya ne: duk zaman da masu kamfani za su yi a kan kuɗi, mutum ɗaya daga cikinsu zai zauna, ya ji, ya yi tambaya. Lauya ya raɗa wa Alhaji cewa kujerar darakta ke nan suke nema.

Alhaji ya miƙe tsaye sosai, gefen shaddarsa duk taɓo. Ya ce kamfanin nan gumin mahaifinsa ne, bare bai taɓa zama a teburinsa ba. Na runtse ido.

Baba Isiyaku ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, wane ne bare? Babanka jiya-jiya ya baro Kano. Kakanninmu sun riga shi barowa tun ba a san mota ba. Mu ne yayyenka a ƙasar nan. Yaya ya zauna a teburin ƙaninsa, ina abin kunya?"

Alhaji ya dube shi. Sai kafaɗunsa suka fara girgiza, dariya ta ƙwace masa har goro ya sarƙe shi. Ya ce to ai yayan da ya bar ƙaninsa ya shiga taɓo da farar shadda sai ya biya kuɗin wanki. Ya miƙa hannu, Baba ya kama. Matan suka rangaɗa guɗa, Oga Luka ya jefa hularsa sama, ni kuwa hawaye suka wanke mini kwalli, ban ko damu ba. Sai a lokacin aka zauna a rumfa aka ci shinkafar da ta riga ta huce. Jawabin Alhaji bai fito daga aljihu ba.

Sauran aikin na takarda ne, kuma ku riƙe tsarinsa. Daraktoci suka zauna suka amince a rubuce da ƙara yawan hannun jari. Lauya ya kai wa hukumar rajistar kamfanoni. Kowace mota ta shigo, ana gwada danshin shanshera, a auna a gaban wakilin ƙungiya da mai kula da sito, a rubuta farashin ranar, su sa hannu ni ma in sa. Da aka kammala aka ba ƙungiya takardar shaidar hannun jarinta.

Amma ni abin da na fi tunawa shi ne safiyar da motocin farko suka iso. Tun daga bakin titi muka jiyo ham ɗin motoci, akori-kura a gaba, Keke mai ƙafa uku a baya, har da masu babur ɗauke da buhu ɗai-ɗai. Aka juye buhun farko a bakin amarya, ta yi gurnani, can sai ga farar shinkafa tana zubowa ta ɗaya gefen, da ɗuminta da ƙamshinta. Na tara hannu biyu na cika su. Duk littattafan da na karanta babu wanda ya taɓa sa zuciyata ta buga irin na wannan safiya. Ba a sallami ma'aikaci ko ɗaya ba, kuma da kuɗin buhunan farko muka shiga kasuwa muka ƙara cika sito kafin farashi ya motsa.

Abin da na koya shi ne kamfani yana iya zama mai dukiya kuma ya mutu da yunwa, idan aka daskarar da kuɗin juyawa a cikin ƙarfe da bulo. Kafin ku sa hannu a sayen kowane babban abu, ku tambayi da me za a ciyar da shi gobe. Na kuma koyi cewa babu kuɗin da ke zuwa kyauta. Mai bashi lokaci yake ba ka, ya dawo ya karɓi abinsa. Mai hannun jari ba ya neman ka dawo masa da komai, amma ya sayi damar tambayarka, kuma dole ka amsa masa da gaskiya tun kafin ya shigo. Mutanenmu, 'yan kasuwa da manoma, sun san wannan tun kafin a rubuta shi a littafin makaranta, kowa da irin hanyar da yake bi ya tabbatar.

Saboda haka, duk ranar da kuka ga wani dattijo ya jingine kekensa a ƙofar ofis ya shigo yana tambayar nawa aka kashe a dizal watan jiya, kada wanda ya ce masa ya jira a waje. Ku miƙe ku gaishe shi, ku buɗe masa lissafi ku bi da shi layi-layi har ya gamsu. Ɗaya daga cikin iyayen gidanku ne ya zo duba gonarsa.